Shuɗiyar Fitila a Ɗakin Maɗugu

A Magama ta Jibiya, duk wanda ya taɓa hawa motar Maraɗi a shekarun baya ya san Maɗugu. Sunansa na yanka Habibu, amma tuƙi ya cinye sunan, don shi ke gaba idan motoci suka jeru za su ƙetare, kuma daga kwastan ɗinmu har 'yan duwan, takwarorinsu na can, ba wanda bai ci goronsa ba. To, tsufa ba ya jin hon. Hawan jini ya kayar da shi wata ranar kasuwa, ya farfaɗo ɓarin jikinsa na hagu a shanye, harshe ya yi nauyi. Aka kwantar da shi a ɗakin ƙurya na gidan da ya gina da guminsa.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'ya biyu suka rage masa, Abbas ɗan fari da Bilki auta. Maɗugu mutumin da ne, irin masu kunyar ɗan fari har ta wuce misali. Bai taɓa ɗaukar Abbas a gaban mutane ba, bai taɓa yaba masa ba, ko sunansa bai taɓa kamawa ba, daga "kai" sai "yaron nan". Ita kuwa Bilki a kan cinyarsa ta girma, a gaban mota, tana wasa da sitiyari. Mutane suna cewa ai al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Gaskiyarsu. Sai dai al'ada ba ta hana yaro ji a ransa, kuma Abbas ya riƙe abin har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Bilki tana aure a Maraɗi, gidan wani direban babbar mota, Zunnuraini. Da uban ya kwanta, waya ta daina yi musu amfani, domin maganarsa ba ta fita sai kana kallon bakinsa. Ga shi ɗakin ƙurya ba ya kama sabis na kirki, yau ya jawo na Nijeriya, gobe na Nijar, jibi babu ko ɗaya. Don haka ta zo da na'urar waifai, wasu fararen abubuwa guda biyu kamar gwangwanin madara. Imrana mai gyaran waya na bakin tasha ya zo ya haɗa. Babbar, wadda ya kira uwa, ya ajiye ta a falon Abbas, ya ja mata eriya har kan rufi. Ƙaramar, wato 'yar, ya ɗora ta a kan kwaba a ɗakin tsoho, inda za ta riƙa karɓa daga uwar. Bilki ta jingina wa uban wata waya marar layi a gefen filo, ta koya masa abu biyu kacal.

"Baba, dubi hitilar ga. In ka gan ta shuɗiya, hanya buɗe take tsakaninmu. In ta yi hwari, to ta ɓace, sai a kira Imrana. In waya ta yi ƙara kuma, ka taɓa koren nan da yatsa, shi ke nan."

Tun daga ranar, kowace hantsi sai wayar ta yi ƙara. Tsoho ya taɓa kore, fuskar autarsa ta cika gilashi, ta gaishe shi, ta tsokane shi, ya yi irin dariyarsa ta ɓari guda. Kafin su rabu sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya ce Allah ya yi mata albarka. Abbas yakan ji daga tsakar gida. Shi ke juya tsohon, shi ke ɗaga shi ya zaunar, shi ke neman magani, amma albarka tana bi ta kansa tana ƙetare iyaka.

Ana nan sai aka rufe boda, bayan sojoji sun karɓe mulki a Yamai. Manyan motoci suka yi layi a Magama, albasa ta ruɓe a kansu, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi. Abbas, wanda sana'arsa ita ce fitar wa 'yan kasuwa da kaya a kwastan, ya koma zaman gida, kuma namijin da ya saba fita in ya zauna a gida ko kaza ba ta tsira daga faɗansa. Zunnuraini ya maƙale da motarsa can wajen Kwatano. Bilki kuwa ga tsohon ciki, ga jini da ya fara yi mata barazana, likita ya ce ta kwanta kada ta motsa. Masu ƙarfin hali suna bi ta daji a kan babur, cikin yashi da gargada, amma wannan ba hanyar mai ciki ba ce. Maraɗi da ake zuwa a dawo kafin azahar ta koma kamar bangon duniya, fitilar nan ta kan kwaba ita kaɗai ta rage musu.

Wani ɗan kasuwa da kayansa suka maƙale, kwanon rufi ne bandir-bandir da ƙofofin ƙarfe, ya ji tsoron ɓarayi, Abbas ya ce a sauke a gidansa. 'Yan dako suka jibge su a tsakar gida, tun daga ƙofar falo har kusa da ɗakin tsoho, tsayinsu ya fi mutum. Ɗan lungu kawai aka bari, wanda sai ka karkace za ka wuce. A ranar fitila ta koma fari fat.

Maɗugu yana da cokali da kwanon sha da yake bugawa in yana son a zo. Ya buga har Mutmainna, matar Abbas, ta bar tukunya ta shigo. Ya nuna kwaba da haɓa.

"Hwari," ya ce da ƙyar. "Imrana."

Sai da aka kwana ana bugun kwano sannan Abbas ya aika a kira shi. Imrana ya zo da 'yar jakarsa, ya durƙusa ya gaida tsoho, ya hau aiki. Ya zare 'yar daga wuta, ya ɗan jira, ya mayar. Fari. Ya je falo ya kashe uwar ya kunna, ya dawo ta lungu a karkace. Fari. Ya karɓi tsinken tsintsiya wajen Mutmainna, ya zura a wani ɗan rami da ke gindin na'urar, ya danne har ta manta duk abin da ta sani, ya sake gabatar da ita ga uwar ta cikin wayarsa. Tsoho yana binsa da ido kamar mai jiran a fito daga ɗakin haihuwa. Fari dai.

Daga nan Imrana ya cire ta, ya rungumo ta zuwa falo, ya jona ta kusa da uwar. Kafin ya gyara zama ta yi shuɗi. Ya matsar da ita bakin ƙofa, shuɗi. Ya ja waya mai tsawo ya kai ta bayan tulin kwanon, nan take ta koma fari. Ya tsaya yana kallon ƙarafan, ya sosa ƙeya.

"Alhaji, na'ura lahiyarta lau. Kayan ga ne suka tare ta. Abin ga ba ya ratsa ƙarhe."

"To mi za a yi?" in ji Abbas.

"A matsar da su gehe guda, ko da rabin ne, ta samu ta hango uwar."

"Kayan amana ne. In kwano ya lanƙwashe kai za ka amsa?"

"To a ja waya daga uwar har ɗakin Baba. Sai ta bi ta saman ɗakin Hajiya Mutmainna."

"Kai za ka hau mani rufin iyali?"

Imrana ya juya. Ya dubi ɗakin baƙi da ke manne da falo, wanda ba abin da ke cikinsa sai katifa da ƙura. "Ko a maido Baba nan. Nan ko 'yar ma ba ya buƙata."

"In na yi baƙi in kai su ina? Kai dai tahi, zan neme ka."

Hanyoyi uku aka ba shi, ba wadda za ta ci masa wuni guda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya toshe. Ban ce tun a ranar ya ƙulla mugunta ba. A ranar ƙyuya ce kawai da ɗacin rai, irin na mutumin da yake ganin an mayar da shi bawan wata 'yar gata. Imrana ya mayar da na'urar kan kwaba, ya ce wa tsoho a yi haƙuri ana kan gyara, ya fita yana sunkuyar da kai. Shi ma yana da shago a bakin tasha, kuma Abbas ba mutumin da ake so a ɓata da shi ba ne.

Bugun kwano ya zama abincin gidan. Da safe kwano, da rana kwano, ana salla kwano. Duk wanda ya leƙa, kalma ɗaya ce: hwari. Mutmainna ita ke wankin tsoho, ita ke dama masa kunu, ita ke kwashe abin da ba a faɗa, ga yara, ga miji mai huci. Ba zan ɗora mata duka laifin ba, ko da yake hannunta ne ya aikata. Wata rana tsoho yana gyangyaɗi, ta tsinci ledar minti shuɗiya da yara suka yar, ta yanko daidai bakin fitilar, ta taka kujera ta liƙa da salatif. Farin haske ya bi ta cikin leda ya fito shuɗi, ba ka ce ba shi ba ne.

Maɗugu ya farka ya gani. Murnar da ya yi, wallahi ko maƙiyinsa ya gani sai ya kau da kai. Ya sa aka canza masa riga, aka sa masa hula, aka gyara wayar a jikin filo. Gidan ya yi tsit, har Mutmainna ta samu ta yi barcin rana.

Da Abbas ya dawo ta gaya masa tana 'yar dariya, ta ce na kwana biyu ne kafin a kwashe kaya. Ya shiga ya duba, ya fito ya bar ledar inda take.

Hantsi ya yi, waya ba ta yi ƙara ba. Washegari ma haka. Tsoho ya dubi fitila, ya dubi waya, ya sake duban fitila. Shi dai abin da aka koya masa ke nan, in shuɗi ce hanya a buɗe take. Hanya a buɗe, ba a biyo ta ba, sai a ce me?

Yana da aboki guda da bai yar da shi ba, Bawa, tsohon direba ne shi ma, wanda yakan zo duk Juma'a bayan an sauko, ya karkace ta lungu da sandarsa, ya zauna a bakin gado. Shi kaɗai ne bayan Bilki yake gane maganar Maɗugu ba tare da wahala ba. Ya ɗaga kai ya ƙura wa fitila ido.

"Ai ga ta nan shuɗiya, Maɗugu. Ko ba ita ce ka ce ba?"

"Ita ce."

"To ka sa yaron nan ya kira maka ita mana."

Maɗugu ya girgiza kai. Uba ba ya bin ɗa da gaisuwa, ɗa ke zuwa. Bawa ya gyaɗa kai, don shi ma a nan ya tsaya, kuma da za a ba shi lambar Bilki a hannu ba zai kira ba. Suka zauna su biyu, tsofaffi masu mutunci, suna gadin girmansu a gaban ledar minti.

Ita kuwa Bilki, kwance a Maraɗi, ba hantsin da ya wuce ba ta kira ba. Kiran ba ya shiga. Ta yi ta aika saƙon murya, suna tsayawa a hanya. Ta kira yayanta.

"Yaya, sabis ne ko mi? Ba na samun Baba."

"Ana gyara."

"Dan Allah ka kai mashi taka wayar, ko muryata ya ji."

"Tawa ba ta kamawa can ciki, kin sani. Kuma barci yake."

Kullum barci yake. In ta kira Mutmainna, sai ta ce a bari Alhaji ya dawo. Da abin ya ishi Bilki ta samu wani ɗan acaɓa mai bin hanyar daji, ta ba shi dabino mai laushi irin wanda uban ke iya tsotsa, ta ce ya shiga har ɗaki ya gan shi da idonsa, ya gaya masa ba ta da lafiya ne amma kullum tana nemansa. Abbas ya tare shi a zaure, ya karɓi ƙullin, ya ce tsoho ba ya ganin baƙi, ya sallame shi da ruwan sanyi. Sannan ya shiga ciki, ya zauna a bakin gado, ya cire ƙwallon dabino ya sa wa uban a baki.

"Na ga kana so, shi ya sa na nemo maka."

Maɗugu ya tsotsa a hankali. Ya daɗe yana kallon ɗansa, kamar yau ya fara ganinsa. Hannun nan mai motsi ya tashi, ya sauka a kan gwiwar Abbas.

"Abbas," ya ce. "Allah shi yi maka albarka."

Sunan ya fito a karkace, amma ya fito. Abbas ya tashi da sauri ya fita, ya tsaya a cikin lungun kwano inda ba mai ganinsa, ya yi kuka kamar yaron da aka yaye. Na tausaya masa a nan, ba zan ɓoye ba. Mutum ya shekara arba'in da wani abu yana jiran kalma ɗaya, ba abin dariya ba ne. Amma da ya share hawaye ya san da me ya sayo ta, ya kuma san abin da zai yi don kada ta ƙare. Daga ranar ne abin ya tashi daga ƙyuya ya zama mugunta tsagwaronta.

Imrana ya ga Abbas a tasha ya ce ya samo doguwar waya, zai bi ta jikin katanga ba sai ya hau rufi ba. Abbas ya ce ai ta gyaru da kanta. Mutmainna, da ta ga tsoho ya daina cin abinci sosai, ya daina tambayar hula, ta ce ita fa za ta cire ledar nan.

"Cire mana," in ji Abbas. "Sai ki yi mashi bayanin wanda ya liƙa."

Ba ta cire ba. Da salatif ɗin ya fara ɗagowa saboda zafi, Abbas da kansa ya taka kujera ya sake liƙa shi. Ya kuma canza wa ƙanwarsa magana. Yanzu ba barci ba ne, fushi ne. Ya ce Baba ya ce kada a haɗa su, tunda ta zaɓi miji da Nijar ta zauna can. Bilki ta yi kuka har ta ba wa masu jinyarta tsoro, ta ce a gaya mata laifinta ta roƙi gafara. Abbas ya ce ta dai ci gaba da addu'a, zai riƙa lallashinsa.

Sau ɗaya tak Maɗugu ya sauke girmansa. Wata la'asar ya kama rigar Abbas, ya nuna wayar, idonsa cike da ruwa. Abbas ya ɗauka, ya juya gilashin wajen kansa, ya yi 'yan danne-danne, ya kara a kunne, ya jira daidai yadda ake jira.

"Tana shiga, ba ta ɗauka."

Tsoho ya saki rigar. Bai sake roƙo ba.

Allah ya sauki Bilki lafiya, namiji. Ta kira yayanta tun tana gadon asibiti, ta ce a gaya wa Baba, kuma ta riga ta roƙi Zunnuraini ta waya, sunan Baba za a sa. Ta tabbata in ya ji an yi masa takwara fushin zai sauka. Abbas ya ce madalla, zai faɗa. Ya riƙe maganar har aka yi suna aka watse. Sai ranar Juma'a, Bawa yana zaune, ya leƙo kamar wanda abu ya faɗo wa a rai.

"Af, Baba, ashe Bilki ta haihu? Har an yi suna. Ni ma a tasha na ji wajen direbobi. Na ɗauka ta kira ka."

Bai faɗi sunan yaron ba. Bawa ya yi salati ya dafe baki. Maɗugu bai motsa ba, sai wani hawaye da ya gangaro ta ɓarin da ya mutu, inda ba ya ma jin saukarsa. Ya kalli fitilar nan tsawon lokaci. Sannan ya yafito Bawa, ya sa ya sunkuyo, ya faɗa masa magana a hankali, kalma-kalma, don kada a ce ba a ji daidai ba. Bawa ya ce haba Maɗugu, a sassauta, ɗiya ce. Maɗugu ya maimaita, ya ce amana ce ya ba shi, ya isar. Abbas yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji duka, kuma yana da baki.

Bai kai wata Juma'ar ba. Da asuba Mutmainna ta kai kunu ta tarar rai ya yi halinsa.

Kafin rana ta ɗaga gida ya cika, don Maɗugu na mutane ne. Wani ya ce a sanar da Bilki, Abbas ya ce mai jego ce, ga nisa ga rufin hanya, a bari sai an kai shi a faɗa mata a hankali. Aka yaba da hankalinsa. Aka yi wa mamaci wanka a ɗakinsa, aka lulluɓe shi, ana jiran likkafani. Sai da aka kawo makara daga masallaci sannan aka ga matsala, ba za ta bi ta lungun nan ba ko an karkata ta.

'Yan dakon tasha, yawancinsu mutanen Maraɗi da rufin boda ya bari ba aiki, suna tsaye a waje. Ba wanda ya roƙe su. Suka tuɓe riguna suka kama, bandir bayan bandir, ƙofa bayan ƙofa, suka jingine su a jikin katanga. Kayan amanar da aka ce ba sa taɓuwa, kafin tela ya gama ɗinka likkafani an share wurin har an yayyafa ruwa, kuma ko kwano ɗaya bai lanƙwashe ba.

Bawa ne kaɗai a ɗaki tare da gawar, yana jan carbi. Sai wayar da ke jikin filo, wadda ba wanda ya tuna da ita, ta fara ƙara ƙyal-ƙyal-ƙyal ba tsayawa, kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Saƙonnin Bilki ne na watanni suke shigowa a jere. Bawa bai san wannan ba, shi dai ya ga waya tana haukan kanta. Ta yi shiru. Can kuma, da yake hantsi ne, ta ɗauki ƙara mai tsawo, kore ya fito a gilashi. Ya sha ganin yadda abokinsa yake yi a da. Ya miƙa yatsa ya taɓa.

Fuskar Bilki ta fito, ta rame, ɗaure da ɗankwali, tana dariya tana kuka lokaci guda. Ta ɗago jariri ta kara shi a gilashi.

"Ta shiga! Alhamdu lillahi, ta shiga! Baba, ka yi mani rai, dubi takwaranka, ga Habibu na kawo maka..."

Ta tsaya. Wayar tana nan inda ita da kanta ta jingine ta, tana kallon gado, kuma abin da ke kan gadon a lulluɓe yake har kai.

"Baba Bawa? Mi ya samu Baba? Don mi aka ruhe mashi huska?"

"Sai haƙuri, Bilki. Yau da asuba."

Ƙarar da ta yi sai da ta fito har tsakar gida. Abbas ya shigo da gudu, ya ga waya tana aiki, ya ɗaga kai ya dubi kwaba. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ne, nan take ya gane abin da ya faru. Ya matsa ya ba Bawa baya, ya miƙa hannu kamar mai gyara wani abu, ya ɓanɓare ledar da farce ya dunƙule ta a tafinsa. Fitilar da ke ƙarƙashi shuɗiya ce, ta gaskiya.

Bilki tana ta faɗi cikin kuka, kullum tana kira, wallahi kullum, ba ranar da ta tsallake, ba ya shiga ne. Bawa ya ɓata rai. Shi mutum ne da bai iya ƙarya ba, kuma ba ya son a yi ta a gaban gawa.

"Ke Bilki, ji tsoron Allah. Yau da kika kira ba ga shi ta shiga ba?"

"Baba Bawa," in ji Abbas a hankali, ya kauce don tsohon ya gani da kyau, "dubi hitilar ga. Yaya ka saba ganinta?"

"Shuɗiya. Duk Juma'ar da na zo haka take. Ni shaida ne har gaban Allah."

"Yaya!" in ji Bilki. "Yaya, kai ka sani! Hwaɗa mashi!"

Abbas ya sunkuyar da kai irin na mai haƙuri da ƙanwa.

Ta share fuska da gefen zane. Muryarta ta dawo ƙarama, irin ta lokacin da take zama a gaban mota. "Baba Bawa, bai bar mani magana ba? Ko guda?"

Bawa ya dubi gawar abokinsa. Da ya samu yadda zai yi da ya haɗiye ta, amma amana aka ba shi, kuma mai amanar ga shi kwance ba a ko kai shi ba.

"Ya bari. Ya ce in hwaɗa maki, ya jira ki hanya buɗe ba ki zo ba. Ya ce bai tsine maki ba, don albarkacin uwarki." Ya ja numfashi. "Amma ya ce bai yahe ba."

Ba ta yi ƙara ba wannan karon. Jaririn ne ya fara kuka a hannunta. Abbas ya miƙa yatsa ya taɓa ja ya katse kiran, ya ce masu likkafani suna jira.

Aka shirya Maɗugu aka ɗora a makara. Ta fito ta tsakar gida a miƙe, mutum uku-uku a kowane gefe, ba wanda ko kafaɗarsa ta taɓa bango. A zaure tsofaffi suna riƙe hannun Abbas suna cewa shi kam ya gama da mahaifinsa lafiya, ya samu albarka, Allah ya ba kowa ɗa irinsa. Yana amsawa da amin, ledar tana dunƙule a ɗaya hannun.

Suna fita wayar ta sake ɗaukar ƙara a ɗakin ƙurya. Mutmainna tana tsaye a bakin ƙofar da tsintsiya, tana ganin koren yana haske a jikin filo. Ba ta shiga ba. Wayar ta yi ta ƙara har masu makara suka sha kwana.